Ikara, Maƙarfi da Kudan sun kai ƙasa guda yawa, lokaci ya yi da za su san adadinsu

A ƙidayar jama'a ta watan Maris na 2006 an samu mutum kusan 194,000 a Ƙaramar Hukumar Ikara, kimanin 146,000 a Maƙarfi, kimanin 139,000 a Kudan. Jimilla wajen 480,000 ke nan. Idan aka ajiye wannan adadi kusa da na wasu ƙasashen Afirka, abin zai ba mutum mamaki. Tsibiran Kap Barde, da ke cikin Tekun Atlantika daura da Senegal, ƙasa ce mai shugaba da majalisa da kujera a ECOWAS da Majalisar Ɗinkin Duniya, amma a ƙidayarta ta 2021 mutanenta 491,000 ne da 'yan kai. Sawo Tome da Paransip, maƙwabciyarmu ta cikin teku wadda muka ƙulla yarjejeniyar haƙar mai da ita a 2001, mutum wajen 180,000 ta ƙirga a 2012, wato ba ta ma kai Ikara ta 2006 ba. Kenan shugabannin waɗannan ƙananan hukumomi uku suna ɗauke da nauyin jama'ar da a wani wuri ƙasa ce sukutum. Bambancin da ke tsakani shi ne waɗancan tsibirai sun san mutanensu nawa ne, shekarunsu nawa, a ina suke kwana. Mu kuwa da kirdado muke aiki, kuma ra'ayina shi ne ba sai mun jira Abuja ba kafin mu fita daga wannan duhu.

Jaririn da aka raɗa wa suna a makon da masu ƙidaya suka zaga Paki da Gimi da Hunƙuyi, yau ya zama saurayi: ko yana noman rake, ko yana makaranta a Zariya, ko ya tafi ci-rani Abuja. Yarinyar da aka haifa tare da shi wataƙila tana goye da nata ɗan. Duk da haka alƙaluman wancan mako su ne tushen kowane lissafi da hukuma ke yi a kanmu. Abin da ake yi shi ne a ɗauki adadin 2006 a riƙa ƙara masa wani kaso duk shekara, a kira shi hasashe. To, mu gwada lissafin. Idan jama'ar yankin sun riƙa ƙaruwa da kashi 2.5 cikin ɗari duk shekara, a shekara ashirin mutum 480,000 za su zama wajen 787,000. Idan kashi 3 ne, za su kai wajen 867,000. Tsakanin waɗannan hasashe biyu, da kowannensu ke da masu kare shi, akwai mutum 80,000, fiye da rabin duk mutanen Kudan na 2006. Kuma ko wanne aka ɗauka, ba zai faɗa mana ko Likoro ce ta fi cika ko Auchan ba, domin da ma'auni ɗaya yake awon kowane gari, kamar babu inda aka yi ƙaura, babu inda kasuwa ta buɗe, babu inda hanya ta jawo baƙi.

Wannan rashin sani yana da farashi, talaka ne kuma ke biyansa. Ma'aikacin lafiya a asibitin matakin farko, idan zai nemi allurar rigakafi, yakan ɗauki hasashen jama'ar yankinsa ya cire kashi 4 cikin ɗari a matsayin jariran da ba su kai shekara ba, kashi 20 a matsayin 'yan ƙasa da shekara biyar. Idan tushen lissafin ya karkace, komai ya karkace. Shi ya sa a Najeriya ake ganin rahoton da ke cewa an yi wa yara fiye da ɗari bisa ɗari rigakafi, alhali a unguwar da ke bayan asibitin akwai waɗanda ko sau ɗaya allura ba ta taɓa su ba. A makarantu ma mun ga zahiri. Da gwamnatin Jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a watan Janairun 2016, yara dubu ɗaruruwa suka ƙaru a rajista cikin ɗan lokaci, azuzuwa suka cika maƙil, wasu suka koma gindin bishiya, malami ɗaya da yaran da ba zai iya kiran sunansu ba kafin a tashi tara. Waɗannan yara ba daga sama suka faɗo ba. Suna nan a gidajen iyayensu tun da can, takardun hukuma ne ba su san da zamansu ba. Ko uwargida ba ta ɗora tukunya sai ta san bakin da za ta ciyar, amma hukuma tana gina aji, tana ɗaukar malamai, tana sayen magani, ba tare da ta san nata bakunan ba.

Abin da ya faru a Kap Barde ya isa ya sa mu yi shakkar kowane hasashe. Ƙasar tana ƙidaya kusan duk shekara goma, kuma hukumar ƙididdigarta ta kirdadi cewa zuwa 2021 jama'a za su haura 550,000. Da aka shiga gida-gida aka ƙirga, sai aka tarar adadin bai motsa daga inda yake a 2010 ba, domin haihuwa ta ragu, matasa da yawa kuma sun tsallaka Fotugal da Amurka da sauran ƙasashe. Ƙasar da ke da ƙwararru da rajistar haihuwa mai kyau ta yi kuskuren mutum dubu sittin ko fiye cikin shekara goma sha ɗaya kacal. Ina ga mu da muka kusan ninka wannan tsawon lokaci ba mu ƙirga ba? Sai dai su sun gano kuskurensu sun gyara, domin sun koma sun duba. Ƙasa ce mai fari, ba kogi, ba man fetur, wadda yunwa ta kashe mata dubban mutane a shekarun 1940. Amma a watan Janairun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar kawar da zazzaɓin cizon sauro. Irin wannan shaida ba ta samuwa sai ga ƙasar da za ta iya bin sawun kowane mai zazzaɓi har ƙofar gidansa, wannan kuwa aiki ne na wanda ya san gidajen mutanensa.

Me ya hana mu? Tarihi ya koya wa mutanenmu darasi biyu game da ƙirga, duka biyun ba su da kyau. A zamanin En'e, dagaci da mai unguwa suna rubuta sunan kowane baligi saboda haraji, suna ƙirga shanu saboda jangali. Magidanci ya fahimci cewa shiga takarda na nufin fitar da kuɗi, sai ya koyi ɓoye samarin gidansa, makiyayi ya koyi kora garke daji idan ya ji ƙishin-ƙishin zuwan malaman jangali. Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, amma tsoron bai tafi tare da su ba. Darasi na biyu daga sama ya zo: yawan kai ya zama kujeru a majalisa da kaso a asusun tarayya, inda yawan jama'a ke da kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin rabo tsakanin jihohi da ƙananan hukumomi. Daga nan ƙidaya ta zama fagen kokawa. An soke ta 1962, an yi ta jayayya a kan miliyan 55.6 na 1963, gwamnatin Murtala Muhammad ta yi watsi da miliyan 79.8 na 1973. Ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89, ta 2006 ta ba da miliyan 140, Legas ta ƙi amincewa da cewa Kano ta fi ta, ta fito da nata adadi. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 kuma aka ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Talaka ya koyi ragewa, ɗan siyasa ya koyi ƙarawa, gaskiya ta rasa mai tsaya mata.

A nan ne labarin Moritus yake da amfani. Tsibiri ne a Tekun Indiya, gabas da Madagaska, mai mutum wajen miliyan 1.2, kuma jama'arsa haɗin gambiza ne: kusan rabi mabiya addinin Hindu, wajen kashi ɗaya cikin uku Kirista, Musulmi kusan kashi 17 ko 18 cikin ɗari, ga jikokin bayin da aka kawo daga Afirka, ga 'yan asalin Sin, ga jikokin Faransawa. A farkon 1968, makonni kaɗan kafin samun 'yanci, an zubar da jini a rikicin ƙabilanci a babban birnin ƙasar. Tsarin mulkinsu ya kasa jama'a gida huɗu, ya ware kujeru har takwas a majalisa don cike gurbin duk al'ummar da zaɓe ya rage mata wakilci. Wato su ma yawan kai kujera ne. Dabarar da suka yi ita ce, bayan ƙidayar 1972 suka daina tambayar mutum rukuninsa, suka bar rabon waɗancan kujeru a kan alƙaluman 1972 har yau. Sauran abubuwa kuwa, shekaru, sana'a, ilimi, muhalli, suka ci gaba da ƙirga su a 1983, 1990, 2000, 2011 da 2022 ba tare da tashin hankali ba. Ana sukar wannan tsari a cikin ƙasar, amma ya raba ƙirgen da ake faɗa a kansa da ƙirgen da ake aiki da shi, wannan kuwa shi ne abin da muka kasa.

Sun kuma ci moriyar sanin adadinsu. A 1961 masanin tattalin arzikin Ingila James Meade, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel, ya rubuta rahoto mai tayar da hankali a kan tsibirin. An ci ƙarfin zazzaɓin cizon sauro, mace-mace sun ragu, jama'a na ƙaruwa da wajen kashi 3 cikin ɗari duk shekara, ƙasa kuma ba ta da abin sayarwa waje sai sukari. Mutumin Maƙarfi zai gane wannan hoto da kyau: rake ko'ina, matasa ko'ina, aikin yi kaɗan. Shugabannin Moritus suka dubi alƙaluman suka ga samari da 'yan mata nawa za su shigo neman aiki cikin shekara goma, suka kafa yankunan masana'antu na musamman tun daga 1970, suka mayar da karatun sakandare kyauta daga 1977. Yau ƙasar na cikin mafi wadata a Afirka idan aka raba arziki da yawan jama'a. Abubuwa da yawa sun taimaka musu, har da farashi mai kyau da Turai ta riƙa sayen sukarinsu a kai, amma shirin ya fara ne daga sanin adadin matasan da ke tafe. Wa zai iya faɗa mana yau, da hujja, matasa nawa ne masu shekara 15 zuwa 24 a Ikara, nawa ne a cikinsu suka gama sakandare, nawa ke da gonar kansu? Da wane lissafi Kwalejin Kiwon Lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi za ta san ungozomomi nawa yankin zai buƙata nan da shekara goma?

Abin da ya sa nake cewa ba sai mun jira Abuja ba shi ne, bayanin da ake nema yana hannunmu, rubutawa ce kawai ba a yi. Babu jaririn da ake haifa a Malikanci ko Gazara ko Doka a ɓoye. Ungozoma ta san da shi tun daren farko. Ran bakwai da sassafe maza sun taru a ƙofar gida a kan tabarmi, an raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan kowa ya ji, an yanka rago, wanzami ya zo aski. Mai unguwa yana wurin, ko wakilinsa. A gidajen Kiristocin yankin ma limamin coci ya san duk haihuwar da aka yi. Haka mutuwa: babu wanda ake kaiwa makwanci ba tare da an tara jama'a ba. Amma wannan yaro da gari guda ya shaida ranar sunansa, idan ya kai shekarun shiga makaranta sai a kirdadi shekarunsa da tsawonsa, idan ya girma ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru, a rubuta masa ɗaya ga Janairu kamar sauran dubban takwarorinsa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ke da rajistar haihuwa a Najeriya. Maganin wannan littafi ne guda a hannun kowane mai unguwa, da matashi ɗaya mai ilimi da wayar hannu da zai taimaka masa. Haihuwa, mutuwa, wanda ya tare, wanda ya tashi. Duk ƙarshen wata a kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya miƙa wa ƙaramar hukuma da ofishin Hukumar Ƙidaya don a fitar da takardar haihuwa.

Wani zai ce ƙidaya aikin Gwamnatin Tarayya ne, ƙaramar hukuma ba ta da hurumi. Gaskiya ne babbar ƙidaya ta ƙasa tana hannun Hukumar Ƙidaya, kuma babu rajistar unguwa da za ta maye gurbinta, dole mu ci gaba da matsa lamba a yi ta. Amma Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi ƙarara. Wata dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙaddamar da tsarin yin ta ta kwamfuta a watan Nuwamban 2023. Abin da Hukumar Ƙidaya ta rasa shi ne ƙafar da za ta kai ta kowane zaure, masarautar Zazzau kuwa tana da wannan ƙafa tun kafin zuwan Turawa. Ga shi kuma Kotun Ƙoli, a hukuncinta na 11 ga Yulin 2024, ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wanda ke neman a sakar masa kuɗi ya kamata ya fara nuna cewa ya san waɗanda zai kashe wa.

Wani kuma zai ce tsibiri daban, tudu daban: can ruwa ya kewaye su, duk mai shiga da fita sai ya bi ta tasha ko filin jirgi, mu kuwa iyakarmu da Kano a buɗe take, matasa na tafiya ci-rani da zarar an gama girbi, makiyaya na tashi da shanu, almajirai na zuwa suna komawa. Wannan magana ce mai nauyi, sai dai idan aka duba ta da kyau tana goyon bayan rajista ne. Ƙidayar mako guda, wadda ake ƙirga mutum a inda ya kwana, ita ce zirga-zirga ke ruɗawa, musamman idan an yi ta da rani kamar ta 2006, lokacin da wasu suna Legas neman kuɗi, wasu kuma sun cika motoci sun koma garuruwansu don a ƙirga su a gida. Littafin da ke buɗe duk shekara shi ne zai nuna wa ya tafi, yaushe ya dawo. Arɗo ya san rugagensa kamar yadda mai unguwa ya san gidajensa, malamin tsangaya ya san almajiransa ɗaya bayan ɗaya. A ba kowannensu nasa shafi. Kap Barde ma 'ya'yanta da ke waje sun fi na gida yawa, hakan bai hana ta sanin adadinta ba.

Akwai kuma zargin da ba a cika furtawa a gaban hukuma ba, amma ana yinsa a majalisar dare: cewa ƙirga 'ya'ya share fage ne na ƙayyade iyali, ko na dawo da haraji, ko kuma abu ne da ba shi da kyau a al'ada, shi ya sa dattijo idan an tambaye shi yawan 'ya'yansa yakan ce alhamdu lillahi ya yi shiru. Bai kamata a yi wa wannan dariya ba, domin mun ga yadda zargi ya tsayar da rigakafin shan-inna a Arewa a 2003. Amsar ita ce littafin ba ya ce wa kowa ya haifi kaza. Yana faɗin abin da ke akwai ne kawai. Alƙaluman da suka nuna wa Moritus yawan haihuwa a shekarun 1960 su ne yau ke gargaɗinta cewa haihuwa ta yi ƙasa sosai, tsofaffi na ƙaruwa. Abin da al'umma za ta yi da bayanin, shawararta ce. Ta fuskar addini kuma, Halifa Umar ɗan Khaɗɗabi ne ya kafa diwani, inda aka rubuta sunayen mutane gida-gida don kowa ya samu haƙƙinsa daga baitulmali. Malamanmu sun fi kowa sanin wannan tarihi, kuma idan suka faɗe shi a mumbari zargin zai ragu. Sharaɗin da ke kan hukuma shi ne ta yi alkawari a bainar jama'a, ta kuma rubuta shi a dokar ƙaramar hukuma, cewa ba za a yi amfani da littafin wajen karɓar ko sisi ba, takardar haihuwa kuma kyauta ce.

Ƙalubale mafi girma shi ne wanda ya kashe ƙidayoyinmu na baya: da zarar an fara raba taki ko tallafi da wannan littafi, za a cusa sunayen bogi. Haɗarin gaskiya ne, amma suna ya fi adadi wuyar ƙirƙira. Mutum zai iya zama a ofis ya mayar da dubu biyar dubu takwas da alƙalami, amma ba zai iya ƙirƙiro yara dubu uku masu uwa da uba da gida da ranar suna ba, in dai ana karanta jerin a ƙofar dagaci duk bayan wata uku, ana gwada shi da rajistar awon ciki a asibiti da ta aji ɗaya a firamare. Tunda kuma littafin ba ya shiga lissafin rabon Abuja, babu gwamna ko sanata da zai samu riba idan ya kumbura shi. Kuɗin aikin ma bai taka kara ya karya ba: littattafai, horo na 'yan kwanaki, da ɗan alawus ga masu unguwanni, waɗanda da ma an daɗe ana ɗora musu aiki ba lada. Jihar na da Hukumar Ƙididdiga da za ta iya tsara takardun ta duba ingancinsu.

Don haka kira nake ga shugabannin Ikara, Maƙarfi da Kudan da kansilolinsu, da hakimai da dagatai, da limamai da fastoci, da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa: ku zaɓi mazaɓa ɗaya a kowace ƙaramar hukuma ku fara da ita a kasafin kuɗi mai zuwa, ku buga sakamakon bayan shekara guda kowa ya gani. Masu zaɓe kuma, duk ɗan takarar da ya zo da alkawarin azuzuwa da asibiti, ku tambaye shi yara nawa aka haifa a mazaɓarsa bara. Idan ba shi da amsa, ba shi kuma da shirin nemo ta, to alkawarinsa ma kirdado ne.